Tolkien: Marayan da ya ƙirƙiri yare mai "mu" iri biyu

Idan abokinka ya turo maka saƙo cewa gobe za mu walima, da kai ake ko ban da kai? A Hausa sai ka tambaya, don "mu" ɗinmu guda ɗaya ce. Masu jin Fulatanci ba su da wannan matsala: "enen" har da kai, "minen" ban da kai. To, akwai wani Bature da ya zauna ya ƙirƙiri yarensa na kansa, kuma ya saka masa irin wannan bambanci. Sunansa J.R.R. Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, wanda da yawanmu fim ɗinsa kawai muka sani.

An haife shi ranar 3 ga Janairu, 1892 a Bloemfontein, cikin Afirka ta Kudu ta yau. Mahaifinsa ya rasu a 1896. Mahaifiyarsa, wadda ta fara koya masa Latin a gida a Ingila, ciwon suga ya yi ajalinta a 1904, yana ɗan shekara 12. Wani limamin coci ne ya riƙe shi da ƙanensa.

Yana ɗalibi a Oxford ya ci karo da littafin nahawun yaren ƙasar Finland. Daɗin sautinsa ya kama shi, har ya zama tushen yaren da ya raɗa wa suna Quenya, na wasu halittu masu tsawon rai da ke cikin labaransa. A 1916 aka tura shi yaƙin Somme a Faransa. Su huɗu ne aminai tun makaranta, biyu ba su dawo ba.

Bayan yaƙi ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford, ya zama farfesa a jami'ar a 1925. The Hobbit ya fito a 1937, The Lord of the Rings kuma a 1954 zuwa 1955. Abin mamaki, yaren ne ya riga labarin zuwa. Labarin an gina shi ne don yaren ya samu masu magana da shi.

A Quenya, "mu" ɗafi ce a ƙarshen kalma. A tsarinsa na baya-bayan nan, -lvë na nufin mu har da kai, -lmë kuma mu ban da kai. Da farko ba haka ya tsara ba. Da ya sauya ra'ayi, sai ya koma kan wata gaisuwa da Frodo ya yi wa baƙon da ya haɗu da shi a hanya, ya gyara harafi ɗaya tak a bugu na biyu, a tsakiyar shekarun 1960, don kada gaisuwar ta fitar da wanda ake gaisarwa daga cikin "mu".

Ya rasu ranar 2 ga Satumba, 1973, yana da shekara 81, bai gama gyaran yaren ba. Har yau masu nazari na bin takardun da ya bari.