Audre Lorde: Marubuciyar da ta ƙi ɓoye ciwonta

A shekarar 1978 likitoci a Amurka suka tabbatar wa Audre Lorde tana da cutar dajin mama, aka yi mata tiyata aka cire guda. Abin da aka saba a lokacin shi ne mace ta sa ciko a rigar mama, ta koma cikin jama'a kamar ba abin da ya faru. Ita kuwa ta ƙi. Ta rubuta tsoronta da raɗaɗin da ta sha a littafin The Cancer Journals, wanda ya fito a 1980, domin matan da ke jinya a ɓoye su san ba su kaɗai ba ne.

An haife ta ranar 18 ga Fabrairu, 1934, a unguwar Harlem ta birnin New York. Iyayenta baƙar fata ne da suka yi ƙaura daga tsibiran Karibiyan. Ta taso da raunin gani mai tsanani, ba ta kuma fara magana da wuri ba, amma tun tana ƙarama take haddace waƙoƙi. Ta kammala Kwalejin Hunter a 1959, ta samu digiri na biyu a fannin kula da ɗakin karatu daga Jami'ar Columbia a 1961, ta yi shekaru tana wannan aiki.

Ta yi aure a 1962, ta haifi 'ya'ya biyu, auren ya mutu a 1970. Littafin waƙoƙinta na farko ya fito a 1968, shekarar da ta koyar a Kwalejin Tougaloo da ke Jihar Mississippi. A can ta haɗu da matar da suka shafe shekaru masu yawa suna zaune tare. Lorde ba ta ɓoye cewa ita 'yar maɗigo ce ba, duk da cewa hakan ya jawo mata ƙyama har daga wasu 'yan gwagwarmayar baƙar fata. Su ma ƙungiyoyin mata na fararen fata ba su tsira daga alƙalaminta ba, domin ta sha sukar yadda suke mantawa da talakawa da baƙaƙen mata.

Afirka ta shiga rubutunta bayan ziyarar da ta kai Togo da Ghana da Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, a 1974. A 1977 tana cikin tawagar Amurka da ta halarci bikin FESTAC a Legas, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Ganin yadda kamfanonin ɗab'i ke watsi da marubuta mata baƙaƙe, ita da Barbara Smith da wasu suka kafa nasu kamfanin, Kitchen Table. Daga 1984 kuma ta riƙa zuwa Berlin, inda ta ƙarfafa wa matan Jamus masu tsatson Afirka gwiwa su rubuta tarihinsu da kansu.

A wannan shekarar ne aka gano cutar ta kama hantarta. Ta ƙara shekara takwas tana koyarwa tana rubutu, har Jihar New York ta naɗa ta babbar mawaƙiyarta a 1991. Gab da rasuwarta ta karɓi sunan Afirka, Gamba Adisa. Ta rasu a tsibirin St. Croix ranar 17 ga Nuwamba, 1992, tana da shekara 58.

A nan Arewa, kunya da tsoron tiyata na sa mata da dama ɓoye ƙullutun da suka ji a mama, sai ciwo ya ci jiki a kai su asibiti. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lorde ta yi shekara 14 da wannan cuta, kuma littafin jinyarta har yau ana buga shi ana karantawa.