Frank Hornby, akawun da ya ƙera jirgin ƙasa na wasa

An haifi Frank Hornby a birnin Liverpool na ƙasar Ingila a 1863. Akawu ne wurin wani ɗan kasuwar nama, bai yi karatun injiniya ba. In ya taso daga aiki sai ya yanka fallayen ƙarfe, ya huda, ya haɗa wa ƴaƴansa kayan wasa. A 1901 ya ranci fam 5 ya yi rajistar dabarar, wadda ta zama Meccano. A 1920 masana'antarsa ta fitar da ƙananan jiragen ƙasa, kwaikwayon masu tururi, ana murɗa su kamar agogo. Ya rasu a 1936.

Saboda haka, jama'a, in kun ga yaro a Safo yana ƙera motar kara, kada ku kore shi.