Charles LeGeyt Fortescue

Charles LeGeyt Fortescue (1876 zuwa 1936) injiniyan lantarki ne haifaffen ƙasar Kanada. An fi saninsa da ƙirƙiro hanyar lissafin da ake amfani da ita wajen gano yawan wutar da za ta kwarara idan wayoyin lantarki suka haɗe da juna ko suka taɓa ƙasa.

Farkon rayuwa da ilimi

An haife shi a York Factory da ke gaɓar mashigin tekun Hudson, inda mahaifinsa yake aiki da kamfanin Hudson's Bay mai cinikin fatu. Ya karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Queen's da ke Kingston, ya kammala a shekarar 1898.

Aiki

Bayan kammala karatu, ya kama aiki da kamfanin Westinghouse a jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma a nan ya yi dukkan rayuwarsa ta aiki. Ya yi bincike a kan taransfoma da kuma kare layukan wuta daga tsawa.

A shekarar 1918 ya gabatar da maƙala a taron ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka a Atlantic City. Ya nuna cewa idan layuka uku na wuta suka rasa daidaito, ana iya raba lissafinsu gida uku, kowanne daidaitacce, a warware su ɗaya bayan ɗaya.

Muhimmancin aikinsa

Yawancin matsalolin da ke aukuwa a manyan layuka suna faruwa ne idan waya ɗaya ta taɓa ƙasa. A lokacin wuta mai yawan gaske ke bi ta cikin kayan tashar rarraba wuta, kuma zafin yana ƙaruwa muddin ba a katse ta ba. Akan ƙera kayan tasha don su jure wannan wuta na ɗan lokaci, galibi daƙiƙa 1 ko 3. Dole na'urar katse wuta ta yi aikinta kafin lokacin ya cika, in ba haka ba kayan su ƙone. Da lissafin Fortescue injiniyoyi ke sanin girman wutar, sannan su zaɓi kayan da suka dace, su saita na'urorin kariya.

Karramawa da rasuwa

Cibiyar Franklin ta ba shi lambar yabo ta Elliott Cresson a shekarar 1932. Ya rasu a watan Disamba na 1936. A 1939 aka kafa tallafin karatu da sunansa domin ɗaliban injiniyancin lantarki.