Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Asalin Gundumominmu

A duk lokacin da rigimar iyaka ta taso tsakanin ƙananan hukumomi ko masarautu, sai ka ji kowane ɓangare yana kafa hujja da gadon kaka da kakanni. Tarihin marigayi Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya isa ya sa mu sake tunani a kan wannan hujja.

An haifi Dikko a 1865, kuma yana riƙe da sarautar Durbi sa'ad da Turawa suka shigo Katsina a 1903. Bayan sun tuɓe Sarki Abubakar, suka sake tuɓe Sarki Yero a 1906, sai suka ɗora Dikko bisa gadon sarauta bisa shawarar jami'insu Palmer. Ta haka mulki ya bar gidan Dallazawa ya koma na Sulluɓawa.

Kafin zuwan Turawa, galibin hakimai a birni suke zaune, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuma a warwatse, jakadu ne ke bi suna karɓo haraji. A shekarun farko na mulkin mallaka aka harhaɗa garuruwa maƙwabta suka zama gundumomi, aka umarci kowane hakimi ya koma ƙasarsa da zama. A zamanin Dikko wannan tsari ya kafu, aka kuma buɗe Baitulmali, wanda sauran masarautu suka kwaikwaya daga baya. Manufar a fili take: a san yawan talakawa, a sauƙaƙa tara haraji da jangali.

Ita kanta Katsina sai da aka yi ta sauya mata mazauni. Tana cikin Lardin Kano har 1926, aka mayar da ita Lardin Zariya, sannan a 1934 ta sami lardinta tare da Daura. Bisa wannan lardi aka gina Jihar Katsina a 1987.

Dikko ya yi aikin Hajji a 1921 yana bisa karaga, a zamaninsa kuma aka kafa Kwalejin Katsina. Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi.

Saboda haka, yawancin iyakokin da muke husuma a kansu, buƙatar mulki ce ta shata su shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce. Abin da aka shata don haraji ana iya gyara shi don amfanin jama'a, ba tare da an zubar da jinin kowa ba.