John Lennon: Mawaƙin Da Ya Mayar Wa Sarauniya Da Lambarta

Ran 25 ga watan Nuwamba, 1969, sa'ad da yaƙin basasar ƙasar nan ke gab da ƙarewa, wani direba ya tsaya a ƙofar fadar Sarauniyar Ingila a Landan, ya miƙa ɗan ƙunshi da wasiƙa. Abin da ke ciki lambar girma ce ta M.B.E., mai ita kuwa mawaƙi ne, John Lennon, ya ce a mayar wa Sarauniya abinta. Dalili uku ya bayar, na farkonsu ƙasarmu ce.

Mutanen Arewa sun san darajar wannan lamba. Zamanin Turawa akan ba hakimai da manyan ma'aikatan En'e, wanda ya samu kuwa har bayan sunansa yake rubuta ta. Babbar yayarta, watau K.B.E., ita aka ba marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ke kwance a Bauci, cikin 1960. Saboda haka mayar da ita ba ƙaramin al'amari ba ne.

Lennon ya ce bai yarda da yadda Ingila ta tsoma hannu cikin yaƙin Biyafara ba. Lokacin gwamnatin Harold Wilson na sayar wa Gwamnatin Tarayya makamai, jaridun Ingila kuma cike suke da hotunan yara masu fama da yunwa. Wasiƙar dai ba ta ce uffan ba game da abin da ya haddasa yaƙin. Dalili na biyu shi ne goyon bayan da Ingila ke ba Amurka a Biyetnam. Na uku kuwa ba'a ce tsantsa, wai sabon faifansa ya soma ja da baya a kasuwa. Wannan ya sa da yawa suka ɗauki abin wasan yara. Halinsa ke nan har ya mutu: bai iya faɗin magana mai nauyi ba tare da ya cusa mata shaƙiyanci ba.

An haife shi a Liverpool ran 9 ga Oktoba, 1940. Ubansa ma'aikacin jirgin ruwa ne, ba mazauni ba, don haka a hannun yayar mahaifiyarsa, Mimi, ya tashi. Yana da shekara 17 mota ta kaɗe mahaifiyarsa ta mutu. Shi ya kafa ƙungiyar samarin da ta zama Beatles, su huɗu, shi da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr. Daga 1963 sunansu ya cika Ingila, kafin shekara ta kewayo ya game duniya. A 1965 aka ba kowannensu lambar nan.

Abin da mutane ba su sani ba ran da ya mayar da ita shi ne, ya riga ya bar ƙungiyar. Tun watan Satumba na 1969, bayan ya yi wasa a Toronto ta Kanada da waɗansu makaɗa dabam, ya gaya wa abokansa shi ya gama. Aka roƙe shi ya yi shiru saboda cinikin da ake ƙullawa da kamfanin faifai. Ya yi shiru, sai ga Paul ya riga shi fasa ƙwai cikin Afrilun 1970, duniya ta ɗauka Paul ne ya tafi. Wannan ya ci masa rai ƙwarai.

Akan ɗora wa matarsa ta biyu, Yoko Ono, mutuniyar Japan, laifin rabuwar. Ɗora wa mace laifi ba wuya. Amma tun da manajansu Brian Epstein ya mutu a 1967 maɗaurin tsintsiyar ya kwance. Uku suna son Allen Klein ya riƙe musu dukiya, Paul yana son surukansa, magana har gaban alƙali. Daga nan kowa tasa ta fisshe shi. Paul ma har Ikko ya zo cikin 1973, ya ɗauki faifai a ɗakin kamfanin EMI da ke Apapa.

Faifan farko da Lennon ya fitar bayan rabuwar, a ƙarshen 1970, ba na rawa ba ne. Kiɗa kaɗan, murya tsirara, yana kukan uwar da ta bar shi da uban da ya guje shi. Masana da yawa na ganin bai sake yin kamarsa ba. A 1971 ya fitar da Imagine, wadda ta fi duk waƙoƙinsa na shi kaɗai suna. Cikinta yana kwatanta duniyar da babu iyakokin ƙasa, babu addini, babu mallakar dukiya. Mai imani ba zai bi shi nan ba, kuma an sha yi masa gori cewa a katafaren gida mai fili eka 70 da ɗoriya ya zauna ya tsara ta.

Cikin shekarar nan ya ƙaura New York, bai kuwa sake taka Ingila ba. A nan ya ɗanɗana abin da duk mai zaman baƙunci ya sani, cewa baƙo raɓa ne. Ya shiga cikin masu adawa da yaƙin Biyetnam, ga zaɓen 1972 na tafe, na farko da 'yan shekara 18 za su zaɓi shugaban ƙasa a duk faɗin Amurka. Gwamnatin Nixon ta ji tsoron kada ya ja samari. Sai aka tono wata tsohuwar shari'a ta 1968, da aka ci shi tara a Landan kan tabar wiwi, aka ce ba shi da izinin zama. Cikin Maris, 1973, aka ba shi kwana 60 ya tattara nasa ya nasa. Ga suna, ga kuɗi, amma shekara huɗu yana zarya tsakanin lauya da kotu da ofishin shige da fice, ba halin ya fita ƙasar don kada a hana shi komowa. Nixon ne ya riga shi barin gida, ya sauka daga mulki a 1974. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke umurnin korar cikin Oktoba, 1975, aka ba shi katin zama na dindindin a Yulin 1976.

Shekarun nan ba su yi masa kyau ba. Faifansa na siyasa na 1972 bai karɓu ba. Ya rabu da Yoko wajen wata 18, yana tsakanin Los Angeles da New York, sai shan giya da rigima a gidajen rawa. Duk da haka a 1974 ya sami waƙar da ta zo ta ɗaya a Amurka, da taimakon Elton John.

Da suka shirya, Yoko ta haifa masa ɗa, Sean, ran da shi kansa ya cika shekara 35. Sai ya yi abin da ba a zata ba, ya rataye jita. Shekara biyar yana gida yana reno, har burodi yake gasawa, matar ce ke juya dukiya. Ɗansa na fari, Julian, ya tashi uban na yawon duniya, kamar yadda nasa uban ya yi masa, bai so a maimaita ba.

Cikin Nuwamba, 1980, ya komo da faifai mai suna Double Fantasy, shi da Yoko. Mako uku bayan haka, ran 8 ga Disamba da yamma, wani saurayi, Mark Chapman, ɗan shekara 25, ya tare shi a ƙofar benen Dakota inda yake zaune, ya miƙa masa faifan, ya sa masa hannu. Saurayin bai tafi ba. Wajen ƙarfe 11 saura na dare, Lennon na dawowa daga wurin aiki, ya buɗe masa wuta ta baya, harsashi huɗu suka same shi. Motar 'yan sanda ce ta kai shi asibiti, amma rai ya yi halinsa. Shekararsa 40. Ba a yi masa jana'izar taro ba. Yoko ta roƙi jama'a su yi shiru na minti 10 ran 14 ga wata, dubban mutane kuwa suka taru a New York da Liverpool suka yi.