Tafawa Balewa: Firaministan da ya riƙe Najeriya da kujerun aro

Lokacin da aka kammala ƙidayar ƙuri'un zaɓen 12 ga Disamba 1959, babu jam'iyyar da ta samu rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai. Daga cikin kujeru 312 na majalisar wakilai, NPC ta Arewa ta samu 134, NCNC da ƙawarta NEPU suka samu 89, Action Group da ƙawayenta kuma 73. Da wannan lissafi Abubakar Tafawa Balewa ya karɓi ragamar ƙasar da kowane yankinta uku ya taɓa yin barazanar ɓallewa, ko kuma yana dab da yi.

Daga aji zuwa majalisa

An haifi Abubakar a shekarar 1912 a garin Tafawa Balewa da ke ƙasar Bauchi. Ba ɗan sarauta ba ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, makarantar da Ahmadu Bello ma ya yi, sannan ya koma Bauchi ya kama koyarwa a makarantar Midil. A waɗannan shekaru ne ya rubuta littafinsa Shaihu Umar. Bayan ya yi karatu a Jami'ar Landan, ya shiga majalisar Arewa, a 1947 kuma ya shiga majalisar dokoki ta Legas.

A farkon siyasarsa bai yarda Najeriya ƙasa ɗaya ce ba. Yana ganin Turawa ne suka haɗa ta a takarda, kuma yana tsoron Kudu, wadda ta riga Arewa samun boko, za ta danne ta da zarar Bature ya tafi.

Guguwar 1953

A ranar 31 ga Maris 1953, Anthony Enahoro na Action Group ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ƙi amincewa da wannan wa'adi, jama'a suka yi musu ihu a titunan Legas. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka. Majalisun Arewa suka amince da wasu buƙatu takwas da suka nemi kowane yanki ya ci gashin kansa, a bar wa tsakiya tsaro da harkokin waje da kwastan kawai.

Ba Arewa kaɗai ba. A wannan shekara Obafemi Awolowo ya yi barazanar fitar da Yamma idan aka raba ta da Legas, a taron tsarin mulki na 1954 kuma jam'iyyarsa ta nemi a rubuta 'yancin ɓallewa cikin doka, amma ba a yarda ba.

Balewa yana minista a Legas duk wannan lokaci, na ayyuka da farko, daga baya na sufuri. Aikin jirgin ƙasa da tashoshin ruwa ya nuna masa cewa gyaɗar Kano ba ta da hanyar zuwa kasuwar duniya sai ta Kudu. Ziyarar da ya kai Amurka a 1955, inda ya ga mutane masu asali daban-daban a ƙarƙashin tuta ɗaya, ta ƙara sauya masa tunani. Da ya zama Firaminista a 1957, sai ya jawo manyan jam'iyyun uku cikin gwamnati guda.

Mulki da hannu biyu a ɗaure

Bayan zaɓen 1959, NPC ta ƙulla ƙawance da NCNC, Nnamdi Azikiwe ya zama Gwamna Janar a 1960, Awolowo ya jagoranci adawa. Matsalar Balewa biyu ce. Abokan mulkinsa na iya janye jiki a kowane lokaci. Sannan shi mataimakin shugaban NPC ne, shugaban jam'iyyar shi ne Sardauna, yana Kaduna. Ga ƙawancen NCNC da NEPU, babbar mai adawa da NPC a Arewa.

Sauya sheƙar wasu 'yan majalisa ta ƙara wa NPC kujeru daga baya, amma hakan bai kwantar da ƙura ba. A 1962 Action Group ta rabe tsakanin Awolowo da Samuel Akintola, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Yamma, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi ya riƙe yankin. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara 10, aka kuma yanke Jihar Yamma ta Tsakiya daga cikin Yamma, alhali ƙananan ƙabilun Arewa da Gabas masu neman nasu jihohin ba su samu ba. Ƙasar Tibi ta yi bore a 1960 da 1964. Masu suka na cewa Balewa ya yi amfani da ƙarfin tarayya wajen karya adawa, magoya bayansa kuma na ganin wutar da ya tarar yake kashewa.

Ƙidayar jama'a ta 1963, wadda ta tabbatar wa Arewa rinjayen kujeru, ita ta wargaza ƙawancen. A zaɓen 30 ga Disamba 1964, ƙawancen UPGA ya ƙaurace wa rumfuna, aka riƙa jin maganar ɓallewa daga Gabas, Shugaba Azikiwe ya yi kwanaki bai gayyaci Balewa ya kafa gwamnati ba. Sai a ranar 4 ga Janairu 1965 aka sasanta, Balewa ya sake kafa gwamnatin da ta haɗa har da 'yan NCNC.

Ƙarshen tafiya

Zaɓen Yamma na Oktoba 1965 ya jawo ƙone-ƙone da kisa, kuma a wannan karo Balewa bai kafa dokar ta-ɓaci ba, abin da har yau ake tuhumarsa a kai. A watan Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin taron ƙasashen Commonwealth a Legas kan batun Rodeshiya. Kwanaki kaɗan bayan haka, a daren 15 ga wata, sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa. An tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta bayan kusan mako guda, aka binne shi a Bauchi.

Abin da ya yi shekaru yana tarewa bai jima ba ya faru. A watan Fabrairu Isaac Boro ya ayyana jamhuriyar Neja Delta, a Mayu aka yi zanga-zangar araba a garuruwan Arewa, a ranar 30 ga Mayu 1967 kuma Odumegwu Ojukwu ya ayyana Biyafara, yaƙin da bai ƙare ba sai Janairu 1970.