Charles Fabry: Masanin da ya tace haske da madubai biyu

An haifi Charles Fabry a birnin Marseille na Faransa ranar 11 ga Yuni, 1867. Ya shiga makarantar École Polytechnique a 1885, ya kuma samu digirin digirgir a 1892 da bincike kan yadda igiyoyin haske ke ƙarfafa juna ko soke juna idan suka haɗu.

A 1894 ya fara koyarwa a jami'ar garinsu, inda ya haɗu da Alfred Perot. A 1899 suka fito da na'urar da ke ɗauke da sunayensu har yau. Madubai biyu ne masu fuskantar juna, kowanne yana mayar da mafi yawan haske, yana barin kaɗan ya wuce. Haske yana kai da kawowa a tsakaninsu. Igiyar da tsawon zangonta ya dace da tazarar madubin tana ƙarfafa kanta ta fita, sauran kuwa suna soke juna. Idan aka sauya tazarar kaɗan, sai wata igiyar ta samu hanya. Da haka ake rarrabe launuka biyu da suka yi kusa matuƙa, waɗanda ido ke ɗauka launi ɗaya ne.

A 1913, shi da Henri Buisson suka gano cewa akwai lemar iskar ozon a sararin samaniya, wadda ke tare hasken rana mai cutar da fata da ido. A 1921 ya koma jami'ar Sorbonne, ya kuma shugabanci Cibiyar Nazarin Haske ta Paris.

Fabry ya rasu ranar 11 ga Disamba, 1945, shekara 15 kafin Theodore Maiman ya kunna lezar farko a Amurka a 1960, bisa wannan tsari na madubai biyu. A yau da irin na'urarsa ake auna hasken leza, ake kuma tace saƙonni da dama da ke tafiya tare cikin zaren gilashi guda na intanet.

Gadonsa ya shiga siyasa a 1985, lokacin da masanan Birtaniya suka bayyana cewa lemar ozon ta ɓule a saman Antatika. A 1987 ƙasashe suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Montreal domin hana sinadaran da ke cinye ta. Binciken da Fabry ya yi a jami'ar gwamnati, ba tare da ribar nan take ba, shi ne ya fara nuna wa duniya abin da ta tashi karewa.